Ku Tambaya Mu Amsa: Wai raina jita aka yi a okestira?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Jos, ina kaɗa jita a ban ɗin cocinmu, wani lokaci kuma a ɗauke mu wasan biki. Kwanan nan na zauna ina kallon okestira ɗin Turawa a YouTube, mutum ya kai tamanin a zaune, masu goge kaɗai sun haura talatin, ga masu busa ga masu ganga, amma ko mai jita ɗaya ban gani ba. Abokina mai kibod ya ce wai raina ta suka yi, kayan kiɗan 'yan tasha ce. Dan Allah haka ne? Sannan in ana da yawa a ban me ya kamata mai jita ya yi, don ni kullum faɗa ake min wai na cika hayaniya.

AMSA: To ƙanena, abokin nan naka tsokanarka kawai yake yi. Ba raini ba ne, murya ce jita ba ta da ita a irin wannan taro. Ka duba goge da garaya a nan gida, mai goge yana jan izga a kan tsirkiya sautin ya yi ta tafiya har sai ya ga dama ya tsaya, in ya so ma ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, shi ko mai garaya da ya taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa kenan. Jita dangin garaya ce. Ka zaunar da ita cikin goge talatin da masu busa kakaki, wallahi hannun makaɗin kawai za ka ga yana motsi.

Ga kuma tarihi. Tsarin okestira ya zauna ne a zamanin manyan marubuta kiɗa su Haydn da Mozart da Beethoven, ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, lokacin jita 'yar ƙarama ce mai tsirkiyar hanji da ake kaɗawa a falo, babu lasifika babu makirfo. Sai daga wajen 1850 wani masassaƙi ɗan Sifen, Antonio de Torres, ya faɗaɗa cikinta ta zama wadda muka sani yau, kafin nan kuwa an riga an raba kujeru.

Duk da haka takan shiga, sai dai a matsayin baƙuwa. Marubucin kiɗa Gustav Mahler ya sa ta tare da mandolin, wata 'yar ƙaramar 'yar uwarta, a kashi na huɗu na simfoninsa (dogon kiɗan okestira) na 7 da aka fara kaɗawa a 1908, kuma don a ji ta sai da ya sa masu manyan kakaki da ganguna suka yi tsit a wannan kashin gaba ɗaya. Kiɗan da ya fi fice shi ne Concierto de Aranjuez na Joaquín Rodrigo, ɗan Sifen da ya makance tun yana ɗan shekara 3, ya rubuta shi a 1939 aka fara kaɗa shi a Basalona a 1940. A nan mai jita a gaba yake zama kusa da madugu, kuma in ka kasa kunne a kashi na biyu za ka ji dabarar mutumin, wata 'yar algaita mai sanyin murya ce ke ɗaukar waƙar jita ta amsa, sauran makaɗan suna can ƙasa ƙasa, ba sa tasowa da ƙarfi sai jitar ta yi shiru. Ko a haka yawanci yanzu sai an ɗan kafa mata makirfo.

Amma ni a ganina wanda ya fi dacewa ka yi koyi da shi Freddie Green ne, mai jitar babban ban ɗin jaz na Count Basie a Amurka. Ya shiga a 1937, in ban da ɗan gajeren lokaci bai bari ba har ya rasu a 1987, shekara 50 kenan, kuma kusan bai taɓa fitowa ya yi kiɗa shi kaɗai ba, bugu huɗu ne daidai wa daida a kowace gaɓa, can can can can, sau da yawa tsirkiya biyu ko uku kawai yake bari su yi magana, ga masu busa sun fi goma a gefensa amma a kan bugunsa kowa ke takawa. Da jitar lantarki ta zo ne irin su Charlie Christian, da ya shiga ban ɗin Benny Goodman a 1939, suka fara gogayya da masu busa.

A nan Najeriya kuwa ai jita ce uwar gida. Saurari juju na King Sunny Ade, jita uku huɗu ko fiye a lokaci guda ga ganguna birjik, amma ba sa cin karo don kowa da 'yar gajeriyar jimlarsa da yake ta maimaitawa, wannan ya saki wancan ya kama. Haka ma a ban ɗin Fela, mai jita sai ya yi minti goma sha yana nanata abu ɗaya bai gundura ba.

Sai batun faɗan da ake maka, gaskiya ina jin suna da hujja, ka yi haƙuri. Yawancin samarinmu a ɗaki suka koyi jita su kaɗai, sun saba shafa tsirkiya shida duka da ƙarfi don cike wuri, to a ban akwai mai bes da ya riƙe ƙasa, akwai mai kibod da ya cika tsakiya da hannu biyu, in kai ma ka faɗo nan sai abin ya cakuɗe mai waƙa ya koma ihu. Ranar gwaji ta gaba ka bar tsirkiyoyi biyu masu kauri ɗin nan kwata-kwata, ka matsa hannunka can wajen cikin jitar ka kama sirara uku, ka dinga bugu gajere tare da mai ganga, in mai waƙa ya buɗe baki ka ja baya in ya tsaya numfashi ka cike gurbin. Amfilifayarka kuma ka ɗaga ta daga ƙasa ka ɗora a kujera ta fuskanci kunnenka, yawanci don ba ka jin kanka ne kake ta ƙara murya.