Amsa ga ƙanenmu mai neman zama hafsa a sojan ruwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, ka ce kai Feti Ofisa ne (muƙamin da bai kai hafsa ba), ka gama digiri, ka rasa ko ka jira SD (Special Duty, hanyar da sojan da ke cikin aiki ke bi ya zama hafsa) ko ka nemi DSSC (Direct Short Service Commission, hanyar ɗaukar masu digiri kai tsaye su zama hafsoshi). Wallahi tun jiya abin yake cina, don ramin da kake tsaye a bakinsa ni a cikinsa na faɗa.

Kafin komai, je ka duba fayil ɗinka da idonka. Takardar izinin yin karatun tana ciki? Kwafin digirin ya shiga? Kar ka yarda da "an saka" daga bakin akawu. Ita SD, ka sani, ba ta tafiya sai da amincewar kwamandanka, sannan jarrabawa, ganawa da kwamiti, da gwajin asibiti. DSSC kuwa da farar hula za ka yi gogayya, ana neman takardar NYSC ko ta yafewa, kuma akwai iyakar shekaru. Shekarun nan su ne makashin maza. Duk wadda ta fara buɗewa kuma ka cika sharuɗanta, shiga kawai.

Ni lokacin da sigina, wato sanarwar buɗe neman, ta fito, na cike fom na miƙa wa ogan sashenmu hannu da hannu. Kullum na tambaya sai ya ce ya wuce sama. Na yi karatu har idona ya faɗa, daga gadin dare sai littafi. Hajiyarmu a nan Kurna har ta gaya wa ƙawayenta ɗanta zai zama hafsa, tana ta sadakar ƙosai ranar Juma'a. Sunaye suka fito ba nawa. Bayan an rufe, wata rana ogan ya aike ni ɗauko makulli a durowar tebur ɗinsa, sai ga fom ɗina a ƙasan tsofaffin jaridu, da shatin kofin shayi a kan hotona. Ko sa hannu bai yi ba. Laifina kawai na ƙi sa hannu a kan lissafin kayan sito da ban gani da idona ba. Na fito na tsaya a bayan ofis, ƙafafuna na rawa, na kasa ko haɗiye yawu. Mutumin nan ya dawo ya karɓi makullinsa yana tambayata ya iyali! Kafin wata damar ta zagayo, shekaruna sun haura. Yaron da na koya wa ɗaure igiyar jirgi, ni na riƙa sara masa daga baya. Shi ban riƙe shi da komai ba, yaron kirki ne, har yau yana gaishe ni. Amma wancan, na bar shi da Allah.

Saboda haka duk takardar da ka miƙa, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, kuma ka bi sawunta ofis-ofis cikin ladabi. Ka guji caji, wato tuhumar laifi a wurin aiki, ko na makara ne, don kwamiti sai ya tono shi. Ka riƙa auna jininka tun yanzu, ka rage gishiri, ka koma gudu da iyo, horon kwalejin hafsoshi ta Onne a jihar Ribas ba ya tausayin mai tumbi.

Kuma don Allah kar ka gaya wa gida sai sunanka ya fito. Har Hajiya ta rasu ban daina jin nauyin kallon da ta yi min ba ranar da na zo gida fas, wato ɗan hutu.

Ku yanzu ma kun samu sauƙi, ga Kwalejin sojan ruwa a Dawakin Tofa, mutum zai iya zuwa kwas ya kwana kusa da iyayensa. Mu daga Legas sai Kalaba. In ka samu rarar alawus ka sayi fili ko a bayan Janguza ne, kar ka ce sai ka zama Laftanar.

Wane reshe kake, kuma shekararka nawa? Turo min ta akwatin sirri mu duba wadda ta fi maka. Allah ya sa ka a hannun oga mai tsoron Allah.