Shin Moyes ya fi Ferguson farawa da kyau a Manchester United?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure tsakanina da abokina a gidan kallo. Shi ya ce an zalunci David Moyes, domin a kakarsa ta farko United ta ƙare a mataki na 7, alhali Alex Ferguson na 11 ya yi a tasa, kuma ba a kore shi ba. Ni kuwa na ce Moyes zakarun Ingila ya gada, Ferguson kuwa tarkace ya tarar. Wane ne ke da gaskiya? Kuma da me ake auna farkon aikin koci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙaluman abokinka daidai ne. Hujjarka ta fi tasa ƙarfi, amma akwai gyara a cikinta har guda biyu: Ferguson bai tarar da tarkace ba, kuma zakarun da Moyes ya gada ba su kai ƙarfin da teburi ya nuna ba. Kuskuren da ya haɗa ku shi ne kun ɗauki matakin da ƙungiya ta ƙare a teburi a matsayin ma'aunin 'yan wasanta, alhali sau da yawa teburin bara yana yaudara.

An naɗa Ferguson ranar 6 ga Nuwamba 1986, bayan an sallami Ron Atkinson, lokacin United tana can kusa da ƙasan teburi. Wasansa na farko Oxford United ta doke shi da ci 2-0. Wanda ya tsaya a nan zai ce mushe aka miƙa masa. To amma wannan ƙungiyar ce ta ɗauki kofin FA a 1983 da 1985, kuma a duk kakar da Atkinson ya kammala ba ta taɓa sauka ƙasa da mataki na 4 ba. A kakar 1985/86 ma wasa goma na farko a gasar duk ta cinye su. Akwai Bryan Robson, kyaftin ɗin Ingila, akwai Paul McGrath da Norman Whiteside da Gordon Strachan da Jesper Olsen. Gwanaye ne. Abin da ya lalace shi ne tarbiyyar gidan: shaye-shaye ya yi katutu a tsakanin manyan 'yan wasa, jikinsu ba ya ɗaukar gudu, raunuka sun yi yawa, sannan sashen renon yara ya yi sanyi har Manchester City ta fi su kwasar yaran gari.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗin ji ba ne ga masu ɗaukar Ferguson kamar wanda bai taɓa tuntuɓe ba. Ya yi na 11 a 1987, ya yi na 2 a 1988 a bayan Liverpool, ya koma na 11 a 1989, sannan na 13 a 1990, maki biyar kacal tsakaninsa da faɗuwa daga gasar. Kuma wannan mafi munin kakar ta zo ne bayan ya kashe kuɗi masu kauri ya sayo Gary Pallister da Paul Ince da Neil Webb da Danny Wallace, ya kuma sayar da McGrath da Whiteside. Wato a lokacin ba ya iya cewa 'yan wasan wani ne, nasa ne. A Satumbar 1989 City ta lallasa shi 5-1, kafin ƙarshen shekarar har wani mai goyon baya ya ɗaga ƙyalle a Old Trafford yana cewa ya kama gabansa. Ƙwallon da Mark Robins ya ci Nottingham Forest a zagaye na uku na kofin FA a Janairun 1990 ita ta buɗe hanyar kofinsa na farko, wanda ya ɗauka bayan doke Crystal Palace a wasan maimaici. Gasar ƙasa kuwa sai 1993, shekara 26 bayan wadda United ta ci a 1967.

To me ya sa shugabanni suka yi haƙuri? Wannan ita ce tambayar da masu cewa "a ba shi lokaci kamar Ferguson" ba sa tsayawa su yi, kuma tana damuna, domin an mayar da sunan mutumin nan mafakar kowane kocin da ya kasa. Ferguson ya zo da shaida a hannu. A Aberdeen ya ƙwace gasar Skotland sau uku daga hannun Celtic da Rangers, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1983. Sannan Martin Edwards, shugaban ƙungiyar a lokacin, da Bobby Charlton, ɗaya daga daraktocinta, suna ganin aikin da mai kallo daga waje ba ya gani: an ƙara masu farautar yara, an gyara makarantar horo, shi da kansa ya taka har gidan su Ryan Giggs a 1987 yaron yana shekara 14. Yaran da suka ci kofin matasa na FA a 1992 daga nan suka fito. Haƙurin da aka yi da shi yana da abin dogaro. Ga kuma bambancin zamani: a shekarun nan an dakatar da ƙungiyoyin Ingila daga wasannin Turai bayan turmutsutsun da ya halaka 'yan kallo a filin wasa na Heysel a 1985, don haka ƙarewa ta 11 ba ta janyo asarar maƙudan kuɗin Kofin Zakarun Turai ba, kamar yadda ƙarewa ta 7 ta janyo a 2014.

Yanzu Moyes. Ya karɓi aiki a Yulin 2013 da kwantiragin shekara shida, ƙungiyar kuwa ta ɗauki Firimiya da maki 89, ta ba City ratar maki 11. Amma a duba shekarun ginshiƙanta. Giggs ya cika 40 a cikin kakar, Rio Ferdinand yana 34, Patrice Evra da Michael Carrick suna 32, Nemanja Vidic yana 31, Paul Scholes ya ajiye takalmi. Robin van Persie, wanda ƙwallayensa 26 suka ɗauko kofin, ya shiga 30 kuma tun yana Arsenal an san shi da yawan jinya. Gona ce da aka girbe amfaninta na ƙarshe, ƙasar ta gaji, tana neman taki. Shaidar haka ita ce bayan shekara guda Ferdinand ya tafi QPR, Vidic ya tafi Inter, Evra ya tafi Juventus, Giggs ya yi ritaya. Sannan ba Ferguson kaɗai ya bar gidan ba. David Gill, shugaban gudanarwar ƙungiyar, wanda ya ƙware a cinikin 'yan wasa, shi ma ya sauka a lokacin, Ed Woodward ya hau. Sabon koci da sabon shugaba suka shiga kasuwa tare, suka fito da Marouane Fellaini kaɗai a matsayin babban ciniki, kan fam miliyan 27.5, a ranar rufe kasuwa.

Duk da haka ban wanke Moyes ba. Ya ci wasa 27 cikin 51, wanda a takarda ba laifi, amma ƙungiyar ta sauko daga maki 89 zuwa 64. Tsufa ba ya cinye maki 25 cikin wata tara. Shi ya sallami Mike Phelan da Rene Meulensteen da Eric Steele, mataimakan Ferguson da suka san sirrin gidan, ya kawo nasa daga Everton. West Brom da Everton da Newcastle duk sun zo Old Trafford sun yi nasara, a Maris ɗin 2014 kuma Liverpool da City kowacce ta ci shi 3-0 a nan gida. Abin da ya fi muni, babu wani abu da ake nunawa a ce ga ginin da yake yi, a jira shi. Kuma ya zo ne bayan shekara 11 a Everton ba tare da babban kofi ba, don haka ba shi da irin shaidar Aberdeen da za ta saya masa wata kaka. Ka gaya wa abokinka cewa na 7 da zakaru koma baya ne, na 11 da ƙungiyar da aka tarar a ƙasan teburi ci gaba ne. Kai kuma ka amince cewa waɗanda suka biyo bayan Moyes, su Louis van Gaal da Jose Mourinho, sun kashe kuɗi fiye da shi ba su dawo da Firimiya ba, wanda ke nuna ciwon ya wuce mutum ɗaya.

Wannan yaudarar teburi tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Pep Guardiola ya karɓi Barcelona a 2008 tana ta 3, Real Madrid ta ba ta ratar maki 18. Wanda ya kalli wannan zai ce gini ya rushe. Amma a ɗakin sauya kaya akwai Messi yana 21, Iniesta yana 24, Xavi yana 28, ga Puyol da Valdes da Eto'o da Henry da Yaya Toure. Aikin Guardiola, kuma babban aiki ne, shi ne ya rabu da Ronaldinho da Deco, ya ɗago Sergio Busquets daga ƙaramar ƙungiya, ya dawo da ladabi da tsari. Wasansa na farko a La Liga Numancia ta ci shi 1-0, na biyu ya yi canjaras da Racing Santander, ƙarshen kaka kuma kofi uku ya ɗaga. Shi wannan Guardiolan da ya je City a 2016 ya tarar da 'yan bayan gefe huɗu, Zabaleta da Sagna da Clichy da Kolarov, duk sun kai 30 ko sun haura, sai ya ƙare na 3 babu kofi ko ɗaya. Da aka sayo masa Kyle Walker da Ederson da Bernardo Silva da sauransu, kakar da ta biyo ya haɗa maki 100. Koci ɗaya ne, basira ɗaya ce, gado ne ya bambanta.

Haka Antonio Conte: an ce ya ɗauko Chelsea daga mataki na 10 ya kai ta kofi a 2017. Gaskiya ne, sai dai galibin waɗannan 'yan wasan su ne zakarun 2015, aka ƙara musu N'Golo Kante, kuma ba su da wasan Turai a tsakiyar mako.

Akwai kuma abin da nake so ka riƙe game da wasannin farko-farko. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a harkar koci Laraba takan yi ƙarya. Ana korar koci ne lokacin da ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa, 'yan wasa kuma suna ƙasa da ainihin ƙarfinsu, don haka duk wanda ya shigo yakan ga farfaɗowa ko bai yi wani abin kirki ba. Ole Gunnar Solskjaer ya ci wasa takwas a jere da ya karɓi riƙon ƙwarya a Disambar 2018, ya fitar da PSG a gidanta, aka tabbatar masa da aikin a Maris ɗin 2019, sannan ya kasa cin ko ɗaya cikin wasa biyar na ƙarshe a Firimiya, har Cardiff da ta riga ta faɗi ta ci shi 2-0 a Old Trafford. Jurgen Klopp kuwa na 8 ya yi da Liverpool a 2016, ya sha kashi a wasan ƙarshe har biyu a kakar, amma duk mai ido ya ga salon wasan ya sauya tun watannin farko, kuma kowace kasuwa ƙungiyar ƙara kyau take yi: Sadio Mane, sai Mohamed Salah, sai Virgil van Dijk, sai Alisson. Kofin Zakarun Turai ya zo a 2019, Firimiya a 2020.

Idan aka kawo mini koci biyu a ce in gwada farkonsu, teburin bara shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa. Nakan fara da shekarun mutum biyar ko shida da ƙungiyar ta dogara a kansu, in ga masu tasowa ne ko masu gangarawa. Nakan duba maki maimakon mataki, domin mataki ya dogara da abin da wasu suka yi: Liverpool ta samu maki 82 a kakar Klopp ta ƙarshe ta yi na 3, Arne Slot ya zo da kusan 'yan wasan nan ya samu 84 ya ɗauki kofi a 2025, saboda City ta sauko daga 91 zuwa 71. Wannan bai rage wa Slot daraja ba, amma ya nuna cewa ginin da ya tarar a tsaye yake. Sai in tambaya wa ya bar gidan tare da tsohon koci, wa ke sayen 'yan wasa, kuma a wane wata sabon ya shigo, domin wanda ya karɓi aiki a Nuwamba bai yi atisayen share fage da ƙungiya ba, bai zaɓi kowa ba. Ferguson da Klopp duk a tsakiyar kaka suka shigo, Moyes kuwa ya samu bazara sukutum.

Shi ya sa ba na yanke wa koci hukunci da kakarsa ta farko sai dai idan ta nuna rushewa ƙarara, domin rabin sakamakonta na wanda ya gabace shi ne. Kaka ta biyu da ta uku su ne nasa. Unai Emery ya samu maki 70 a kakarsa ta farko a Arsenal, Mikel Arteta ya samu 61 a cikakkiyar kakarsa ta farko, amma Arteta yana sauke manyan masu albashi irin su Mesut Ozil yana ɗora ƙungiyar kan Bukayo Saka da Martin Odegaard, makinsa kuma ya hau zuwa 69, sai 84, sai 89. Moyes bai kai kaka ta biyu ba, an sallame shi a Afrilun 2014 saura wasa huɗu a kammala gasar, don haka abin da muke da shi a kansa wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma a cikinsu ban ga alamar hawa irin wannan ba.