Zaren da giwan ruwa ba zai tsinka ba

Ka ce kullum in giwan ruwa ya haɗiye ƙugiyarka a Tafkin Kainji sai zaren ya tsinke kafin ka kawo shi bakin kwale-kwale. Ba sai ka sauya sandar fatsa ba, malam. Ka ƙulla guntun zaren roba mai kauri, kamar kamu biyu, tsakanin ƙugiya da babban zarenka, ka sa babbar ƙugiya, ka soke 'yar karfasa mai rai ta baya don ta ci gaba da motsi. Tana, wato tsutsar ƙasa, ba ta cika jan hankalinsa ba, shi mafaraucin ƙananan kifaye ne.

Dalilin tsinkewar zaren kuwa, gefen marfin kunnensa kaifi gare shi kamar zarto, kuma da ya ji ƙugiya sai ya nufi cikin duwatsu ko kututturen da ruwa ya shanye. Ni ma haka na yi asarar wani ƙato da asuba, na janyo zaren na ga bakinsa a goge, duk ya yi gashi-gashi. Kada ka yi ja-in-ja da shi da farko. Sassauta masa ya gaji tukuna, amma in ya doshi dutse, to nan kam riƙe shi da ƙarfi.