Lasisina zai yi aiki a wata ƙasa?

Tambaya: Ni injiniyan gine-gine ne, ina da lasisin ƙasata. Ina so in riƙa yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki. Me zai tare min hanya, kuma ta ina zan shiga?

Amsa: Malam, shingenka na farko yana ofishin hukumar ba da lasisi ta ƙasar da kake so. Yarjejeniyar GATS ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya kan cinikin ayyuka tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1995, ta kasa irin wannan ciniki gida huɗu: ka aika aikin daga inda kake, mai aikin ya zo ya same ka, ka buɗe ofis a can, ko ka je da kanka na ɗan lokaci. Na ƙarshen nan ƙasashe suka fi yin rowa da shi, domin ya taɓa biza da guraben aikin 'yan ƙasa.

Ko ka samu biza, sa hannu a kan zane wani abu ne daban. Yarjejeniyar Washington ta 1989 ta sa ƙasashen da ke cikinta su yarda da digirin injiniyancin juna, amma digiri kawai. Lasisi sai ka sake nema. A Amurka kowace jiha da nata lasisin. Tarayyar Turai ma, da dokarta ta 2005 ta ba likitoci, ungozomomi da masu zanen gini amincewa kai tsaye tsakanin ƙasashenta, ba ta sa injiniyoyi a wannan sahun ba. Wasu sharuɗɗan kare rayuka ne, ba gardama, gini na iya rushewa kan mutane. Amma sharaɗin cewa lalle sai ɗan ƙasa za a ba lasisi, a ganina kare kasuwa ne kawai.

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce hanya ta farko cikin huɗun nan, wato ka aika aikin daga inda kake. Lissafin ƙarfin gini da zanen kwamfuta duk ana aika su ta intanet, injiniya mai lasisi a can ya duba ya buga hatiminsa. Kamfanonin Indiya sun daɗe suna cin wannan kasuwa. Sai dai dole ka ƙware a ƙa'idojin gini na can, kamar Eurocode a Turai. Kafin ka sa hannu a kwangila kuma, ka bincika ko za a cire haraji tun kafin kuɗin ya iso ka, ko ƙasashen biyu suna da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu, da kuma wanda inshorarsa za ta biya idan aka samu kuskure a lissafi.