Ina gini, ba a yi fulasta ba tukuna: wane kebul zan binne don intanet, talabijin da sarrafa gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina gina gida mai bene ɗaya a Kaduna. An zuba dakin, an gama jera bulo, mai wayarin zai shigo wata mai zuwa. Ƙasa akwai falon baƙi, falon iyali, kicin da ɗaki ɗaya, sama ɗakuna huɗu, ga ɗakin maigadi a bakin get da sashen samari a baya. Ina so intanet ya kai ko'ina, a kalli talabijin a ɗakuna, a sa karatu a ji a falo da baranda, a kafa kyamarori, nan gaba kuma in riƙa kunna fitilu da wayar hannu. Mai wayarin ya ce kada in ɓata kuɗi a kan kebul, Wi-Fi ya wadatar yanzu. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a gama lafiya, a shiga a sa'a. Ka zo a kan gaɓa, Malam, domin da an shafa fulasta an yi fenti, duk shawarar da zan ba ka sai an fasa bango kafin a yi aiki da ita.

Maganar mai wayarin ɗinka daidai ce a ɗaki ciki da falo. A gida irin naka ba ta yi ba. Wi-Fi yana tafiya galibi a kan zango biyu. Na 2.4 GHz yana da nisa amma ba shi da sauri, ga cunkoson na maƙwabta. Na 5 GHz yana da sauri amma bango yana cinye shi. Yawancin alƙawuran nisan da ake bugawa a jikin kwalin na'ura sun fi dacewa da gidaje irin na Amurka, masu bangon katako da allo. Mu bulo muke jerawa, mu zuba dakin cike da rodi, kuma wannan dakin ɗin shi ne babban abin da ke kashe sigina tsakanin ƙasa da sama. Akwai na'urorin da ake jerawa ɗaya tana miƙa wa ɗaya sigina ta iska, suna aiki, amma su ma ta cikin wannan simintin za su yi magana da juna. Idan kowace ta samu kebul nata, sai ka ga bambanci. Saboda haka ba rabuwa da Wi-Fi za ka yi ba. Kebul ne zai kai shi inda ake bukatarsa, sannan duk abin da ba ya motsi, kamar talabijin da kyamara da kwamfutar tebur, a sauke shi daga kan iska.

Kafin a sari bango ko ɗaya, zaɓi wuri guda da zai zama cibiya. Kowane kebul daga nan zai tashi ya tafi inda za shi kai tsaye, ba a ɗinka shi a hanya, ba a ratsa da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan yadda ake yi wa soket. Ɗan sito a tsakiyar gida, a ƙasa, ya fi. Kada ya zama cikin silin, kada ya zama kicin, kada ya haɗa bango da banɗaki. Ka san zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu, don haka a ba wurin hanyar iska, a sa akwatin ƙarfe mai fanka a bango. Nan rauta, wato na'urar da ke karɓar intanet ta raba wa gida, za ta zauna, da na'urar rarraba layuka, da na'urar naɗar hoton kyamarori. A ja masa layin wuta nasa daga inbata, domin ko daƙiƙu kaɗan ɗin da ake yi kafin a juya zuwa janareta sun isa su kashe komai, sai an jira ya sake tashi.

Abin da ya fi kebul ɗin kansa muhimmanci shi ne bututun da zai bi. Kebul yana tsufa, ana samun sabon salo, amma bututu mai faɗi da aka binne da kyau zai karɓi duk abin da ya zo bayan shekara ashirin. A sa na PVC mai faɗin milimita 25 don intanet, daban da na wutar lantarki. Kada a taɓa cusa su a bututu ɗaya, haɗari ne, kuma wutar tana dagula sigina. Idan za su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a bar kamar taku ɗaya a tsakani, idan dole su haɗu su gitta juna. A rage lanƙwasa, kada a cika bututu ya toshe, a bar igiyar ja a cikin kowanne. Tsakanin ƙasa da sama kana bukatar babba, mai milimita 50, biyu ma idan da hali. Tunda an riga an zuba dakin, ka duba ko an bar rami. Idan ba a bari ba, injiniyan ginin ne zai nuna inda za a huda, kada ka yarda wani ya ɗauki guduma ya sari ginshiƙi ko bim. Sannan a binne bututu biyu da ba kowa a cikinsu: ɗaya daga katangar waje zuwa cibiya saboda ranar da kamfanin faiba, wato intanet mai bi ta zaren gilashi, zai iso unguwarku, ɗaya daga rufi zuwa cibiya saboda dish ko Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Kan kebul ɗin Starlink yana da kauri, ƙaramin bututu ba zai wuce da shi ba.

Kebul ɗin intanet kuwa, samfurin da ake kira Cat6 ya ishe ka. Yana ɗaukar saurin intanet na gigabit 1 har mita 100, yana kuma iya kai gigabit 10 idan tafiyar ba ta wuce kamar mita 55 ba, kuma da wuya layi a cikin gidan zama ya wuce haka. Cat6A ya fi shi, amma ya fi kauri da tsada da wuyar lanƙwasawa, ban ga dalilinsa a ɗakin kwana ba. Inda ake cutar mutane shi ne ingancin ƙarfen ciki. Kasuwa cike take da kebul ɗin alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wani lokacin da CCA a rubuce a kwali, wani lokacin babu. Yana da araha, yana aiki ranar gwaji, sai daga baya ya riƙa karyewa a baki, yana zafi idan aka tura wuta ta cikinsa. Ka sa a fere silin waya ɗaya a kankare da wuƙa a gabanka. Idan ciki ya fito fari, a mayar. Kwali cikakke mita 305 ne, kuma na jan ƙarfe zalla ya fi nauyi sosai idan ka ɗaga su biyun.

Bayan kowace talabijin a sa layi biyu. Inda za a ajiye teburin karatu, ɗaya ko biyu. Kowace kyamara ɗaya. Sai na silin, inda za a maƙala na'urorin yaɗa Wi-Fi. A yadda ka kwatanta gidan, zan sa biyu a ƙasa, ɗaya ta wajen falon baƙi ɗaya ta falon iyali, sama kuma a ja layi biyu a koridó ko da ɗaya za a fara sakawa. Waɗannan na'urori da kyamarori ba sa bukatar soket kusa da su, domin kebul ɗin intanet ɗin ne ke kai musu wuta ta tsarin PoE. Matakin farko na wannan tsari yana ba da wat 15.4, na biyu wat 30. Ka sayi na'urar rarrabawa mai mataki na biyun, kuma ka duba jimillar wutar da take iya bayarwa, ba yawan ramukanta kawai ba. Daɗin wannan tsari a ƙasarmu shi ne inbata ɗaya a cibiya ta riƙe intanet da kyamarori duka idan an ɗauke wuta.

Ɗakin maigadi da sashen samari su ne inda zan ce ka yi hattara. Kebul na jan ƙarfe da ya fita daga gini zuwa wani gini hanya ce ga tsawa, kuma ba sai ta faɗo a kan gidan ba, ta faɗi kusa ma ya isa ta ƙona duk abin da ke haɗe da layin. Faiba gilashi ce, wutar lantarki ba ta bi ta cikinta. A binne bututu, a ja faiba da aka riga aka haɗa wa kai, a sa ƙaramar na'urar rarrabawa a can. Kuɗinta bai kai asarar damina ɗaya ba. Haka kuma a tabbatar an kafa sandar ƙasa ta gaske, wato ƙarfen da ake kafawa don ya kai rarar wuta cikin ƙasa, an auna ta, an sa abin kare kaya daga hawan wuta a babban akwatin wutar gida.

Zancen talabijin yanzu ya kasu biyu. Abin da ake kallo ta intanet, layukan nan biyu sun gama da shi. Na dish kuwa sai an ja kebul RG6 daga cibiya zuwa bayan kowace talabijin, a sauko da na rufi zuwa cibiyar su ma. Idan tashoshin kyauta na Nilesat ko Arabsat ake kallo a gidan, akwai na'urar da ke raba siginar dish ga risiba da yawa, kowane ɗaki da tasa, kowa ya kalli abin da yake so. Idan DStv ne, tsarinsu na XtraView yana haɗa dikoda fiye da ɗaya a kan rajista guda da ɗan ƙarin kuɗi. Wasu suna raba hoton dikoda ɗaya zuwa duk ɗakuna don tsimi. Yana yiwuwa, amma tasha ɗaya kowa zai gani, kuma ranar da kake son labarai yara suna son katun za ka gane kurenka. Kada a binne HDMI, wato kebul ɗin da ke kai hoto daga dikoda zuwa talabijin, tsirara a cikin siminti. Ba ya son nisa, kansa yana lalacewa, salonsa yana canzawa. A sa gajeren bututu mai faɗi daga bayan talabijin zuwa inda kabad zai zauna, shi ke nan.

Sauti ba ya bukatar dogon bayani. Wayar lasifika mai sili biyu, kaurin milimita murabba'i 1.5, daga inda amfilifaya za ta zauna zuwa kowace lasifikar silin, a yi alama kafin masu POP su rufe. Falo biyu, kicin da baranda sun isa, kowanne a matsayin sashe mai zaman kansa da za a iya kashewa daban. Ɗakunan kwana ni ban cika ba da shawara ba, ƙaramar lasifika ta tebur ta fi sauƙi, kuma mai ɗaki ne ke da iko da ita.

Sarrafa fitilu da wayar hannu, abu biyu kawai za ka yi yanzu, kuma dukansu ba su da tsada. A kai wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, cikin kowane akwatin makunni, domin masu wayarin sun saba kai ta kan fitila kawai, alhali yawancin makunnai na zamani suna bukatarta. Sannan a binne akwatuna masu zurfi, na milimita 47 idan an samu, don ƙaramar na'ura ta samu wurin zama a bayan makunni. Sauran ka jira sai ka tare. Idan lokacin ya yi, ka fifita makunni mai wayo a kan ƙwan fitila mai wayo. Da yawa daga cikin ƙwayayen nan, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kunnuwa suke yi da kansu, ka ga kuwa a inda ake kawo wuta ƙarfe biyun dare wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Ka nemi masu aiki a cikin gida ko babu intanet, irin masu magana da juna ta tsarin Zigbee ko tsarin Matter da ya fito a 2022, maimakon waɗanda sai umarni ya je kwamfutar kamfani a wata ƙasa ya dawo kafin fitilar banɗaki ta kama. Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne Hajiya ko baƙo su iya danna makunni da hannu ya yi aiki, ko cibiyar ta mutu.

A gaskiya ma sarrafawar da za ta fi yi maka amfani ba ta wayar hannu ba ce. Ita ce abin da ke kashe famfon borehol idan tanki ya cika, da abin da ke kunna fitilun katanga da magariba ya kashe su da asuba, da raba layin kaya masu cin wuta kamar AC da hita daga layin inbata. A ja bututu zuwa tanki tun yanzu. Manyan kayan nan kuma ba a ɗora su kai tsaye a kan ƙaramin makunni mai wayo, sai ta kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa.

Kyamarori su tsaya a get, katanga, wurin ajiye motoci da ƙofofin shiga. Cikin gida wurin iyali ne, kuma kyamarar da ke kan intanet da lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, wani ma yana iya leƙawa. A canza lambar ranar da aka kafa. Baƙi da masu aiki kuma a buɗe musu Wi-Fi nasu daban, wanda ba ya ganin kyamarori.

Mai wayarin ɗinka zai iya binne bututu da jan kebul idan ka ba shi zane, amma haɗa kawunan kebul ka nemo wanda aikinsa ke nan. Ka ce masa a bi tsarin jera silin waya na T568B a kowane ɓangare, a rubuta lamba a kan kowane kebul gaba da baya, a bar rarar kamar mita biyu a cibiya, a gwada kowane layi da na'urar gwaji kafin fulasta da bayanta, sannan ka cika masa kuɗinsa. A toshe bakin bututu da akwatuna kafin birkiloli su fara watsa siminti. Ranar ƙarshe kafin fulasta, ka bi ɗaki ɗaki ka ɗauki hoton kowane bango da awo a miƙe a jikinsa, ka adana hotunan, domin mai kafa labule da mai rataye talabijin za su zo da na'urar huda bango, kuma ba su san inda bututun ya bi ba.