Amsa ga ƙanena a Jos: ƙaramar "s" da ke cinye maka maki

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni tare da rubutun gwaji guda biyu da ka haɗo, kuma na karanta su a tsanake bayan na taso daga aiki. Ka ce kana shirin sauka Abuja ka zauna jarrabawar IELTS, wato gwajin ƙwarewa a Turanci, domin neman gurbin digiri na biyu a nan Ingila, amma malamin da ke yi maka darasi a Farin Gada kullum sai ya ja jan biro a ƙarƙashin kalmominka ya rubuta "concord", wato jituwa tsakanin aikau da aikatau, har ka fara tambayar ko abin ya kai a damu da shi, tunda ko ka ce "he go" ko "he goes" Bature zai gane nufinka.

Zai gane, amma mai duba takarda ba fahimta kaɗai yake aunawa ba. Sashen rubutu awa ɗaya ne, aiki biyu, na farko kalmomi 150 aƙalla, na biyu 250, kuma ma'auni huɗu ake bi wajen ba da maki, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikinsu nahawu ne, wato yawan salon jimlolin da ka iya da kuma tsabtarsu daga kuskure. Jami'o'i da yawa a nan makin 6.5 suke nema, kuma sau da yawa sukan ƙara sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0. Akwai waɗanda ke karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadinta, saboda haka ka bincika kafin ka biya kuɗi, sai dai ko an ɗauke maka jarrabawar, ba za a ɗauke maka rubuta kundin bincike ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, jituwa tsakanin aikau da aikatau ba baƙuwarka ba ce, da ita ka tashi. Kana cewa "yaro yana zuwa, yarinya tana zuwa, yara suna zuwa", kuma da wani zai ce "yarinya suna zuwa" kunnenka zai ƙi karɓa tun kafin ya rufe baki. Hausa ma ta fi Turanci tsanani a nan, domin har jinsi take bambantawa. Inda aka rabu shi ne, mu a gaban aikatau muke sa alamar, a kalma mai ƙarfi da kowa ke ji, su kuwa a wutsiyar aikatau suke maƙala ta, harafi ɗaya tak. Sannan ga abin da ke rikita ɗalibi: "s" a jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuma tilo, shi ya sa ake cewa "the boy works" amma "the boys work".

Harshenmu ma da nasa hannun a ciki. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, abin da ya sa muka ce burodi da sukudireba. Idan muka zo kan "asks" ko "works" sai baki ya yar da na ƙarshen, kuma abin da baki ya saba yarwa, hannu ba ya tunawa da shi a takarda. Ƙara da Turancin kasuwa da kake ji daga Terminus har cikin Keke, inda "e dey go" da "dem dey go" ba sa taɓa aikatau, ka ga kunnen bai samu inda zai saba ba. Maganin wannan shi ne karatu a bayyane, kana fitar da ƙarshen kowace kalma.

Amma kurakuran da na gani a rubutunka ba a gajerun jimloli suke ba. Ka rubuta "The cost of tomatoes and potatoes in Jos have risen." Idonka ya ga tumatir da dankali sun tsaya kusa da aikatau, sai ka ba su shi, alhali farashi ne ya tashi. Mayar da ita Hausa ka ji: "Farashin tumatir da dankali ya tashi." Ba za ka taɓa cewa "sun tashi" ba, don haka "has risen" ne daidai. Ni ma a nan na yi tuntuɓe a shekarata ta farko. Malamar da ke duba bincikena ta ɗora babina na farko a kan tebur, ta zagaye "results" da fensir, ta zagaye "shows" can gaba, ta ja layi ta haɗa su ta saman kalmomi huɗun da ke tsakani, sannan ta tambaye ni wane ne ke nunawar. Tun daga ranar, duk jimla mai tsawo sai na tube mata abin da aka rataya mata, na nemo uban jimlar, na tambayi kaina da Hausa: "ya" ne, ko "sun"?

Wannan gwaji yana aiki fiye da yadda za ka zata. "Ɗaya daga cikin malamaina ya ce", saboda haka "one of my lecturers says". "Kowa ya zo", saboda haka "everybody has come", duk da cewa mutane da yawa ake nufi. "Yawan ɗalibai ya ƙaru" shi ne "the number of students has increased", "ɗalibai da dama sun zo" kuma shi ne "a number of students have come". Waɗannan biyun ka riƙe su da kyau, domin aikin farko bayanin jadawali da alƙaluma ne, kuma da wuya ka gama shi ba ka buƙaci ɗayansu ba.

Akwai kuma wuraren da Hausar za ta kai ka ta baro, kuma su ne kaɗai nake ganin sun cancanci hadda. Mu "akwai" ɗaya gare mu, ko mutum ko mutane, su kuwa "there is a problem" amma "there are problems". Muna cewa "kayana sun iso" da "kuɗina sun ƙare", su kuwa "luggage" da "money" tilo ne a wurinsu, haka ma "news" duk da "s" ɗin da ke wutsiyarta. "Information" da "advice" da "equipment" ba sa karɓar jam'i sam, ko da ka saba ganin "equipments" a allunan shaguna. "Police" kuwa jam'i ce, "the police are". Idan kuma "does" ko "can" ta shigo, aikatau yakan koma tsurarsa: "does he work", ba "does he works" ba, kuma na ga wannan sau biyu a shafinka na biyu.

Kalmomi irin su "government" da "team" kada su tayar maka da hankali. Turancin Ingila yana karɓar tilo da jam'i a kansu, kamar yadda mukan ce "jama'a ta taru" ko "jama'a sun taru". Ka zaɓi tilo a rubutun jarrabawa, kuma kada ka sauya a tsakiya. Idan Allah ya kawo ka, za ka ji 'yan ƙasa a bas suna cewa "we was" ko "he don't", a arewacin ƙasar ma har "I were". Karin harshen garuruwansu ne, kuma su kansu ba sa kai shi takardar jami'a.

Daga yau, kowane rubutu ka gama, ka ware minti uku na ƙarshe don wannan aiki kaɗai: ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya da biro, kana nemo wa kowanne mai shi. Ka gyara rubutun nan biyu da kanka ta wannan hanya, ka turo mini kafin Juma'a, in ya so mu yi waya bayan an sauko masallaci mu bi su tare. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.