Ƙona shara a lungu da kaskon jin ɗumi

Tambaya: Salamu alaikum. Ni a Ƙofar Marusa nake cikin Katsina. Maƙwabcinmu kullum bayan magariba sai ya banka ma shara wuta a lungu, har da leda da roba, ga yarona mai asma ba ya iya barci. Akwai dokar da ta hana? Sannan mu ma muna hura gawayi a tsakar gida saboda sanyi, in hayaƙin ya mutu mu shige da kaskon ɗaki, shi ma laifi ne?

Amsa daga ma'aikacin kashe gobara: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Doka kam akwai, tun 2011 NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idar da ta hana ƙona daji da ƙona shara a fili ba tare da izini ba, a nan Katsina kuma SEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, da duba-gari ke da hurumi. Amma maigidanki ya fara da mai unguwa, don takardar ƙorafi sai ta yi ta yawo tebur-tebur har damina ta faɗi ba a leƙo lungun ba. Wutar tsakar gida kuma ba wanda zai kama ku, a dai nisanta ta da zana da kara da jarkar fetur, bokitin ruwa na gefe, kin dai ga yadda babbar kasuwar Katsina ta ƙone a 2021.

To amma Hajiya ƙarshen tambayarki ne ya tada min hankali, wallahi ya fi sharar maƙwabcin. Wa ya ce maku in hayaƙi ya mutu shikenan? Na gaji da jin maganar nan, duk hunturu ita ce. Garwashin nan da ya yi jawur ba hayaƙi yana ta fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid, ba wari ba launi, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar oksijin, ga ƙofa an kulle ga taga an toshe da tsumma saboda ƙura, mutum yana barci ba tari ba shaƙewar da za ta farkar da shi, sai da safe a fasa ƙofa. Daga nan a ce aljanu ne, ko kishiya ta yi sammu, kaskon kuma yana nan tsakar ɗaki ba mai kallonshi. Wasu wai su barbaɗa gishiri ko su ajiye kwanon ruwa ya shanye gubar, ba abin da yake shanyewa. Annabi (SAW) da kanshi ya ce kada a bar wuta a gida in za a kwanta barci.

A sha ɗumin a waje, a kashe da ruwa ba toka ba. In kuma wani ya tashi da ciwon kai da jiri da amai a ɗakin da kasko ya kwana, a buɗe ƙofa a fito da kowa, a nufi asibiti, kar a tsaya ɗura ma mutum nono ko manja.